Yayanta a Kujerar Baya

Ita ce auta a ɗakinsu, ta biyar, kuma ita kaɗai ce ta yi boko har ƙarshe. Tun tana aji uku na firamare aka laƙa mata suna Baturiya, saboda in ta dawo gida ko ruwa za ta nema sai ta cusa Turanci a ciki. Sunan ya bi ta har girma. 'Ya'yan 'yan'uwanta sun taso suna kiranta Gwaggo Baturiya, wasunsu ba su ma san tana da wani sunan ba.

Mahaifinsu mai gyaran agogo ne, yana da ɗan tebur mai gilashi a bakin titi. Idonsa ya fara ja baya tun ba a haife ta ba, shi ya sa aka cire babban ɗan gidan daga aji huɗu aka kai shi wurin wani mai wanki da guga ya koyi sana'a. Wannan ɗan shi ne duk gidan ke ce wa Yaya, ya girme ta da shekara goma sha biyu. Da mahaifin ya rasu tana shekara takwas, Yaya ne ya zama uba. Shi ke kai ta makaranta a bayan keke, shi ke zuwa karɓar sakamako ko da yake bai iya karanta abin da malamai suka rubuta ba, sai dai ya nemi inda aka sa lamba ɗaya ya yi ta murmushi. Duk makarantar babu yarinyar da kayanta suka kai nata shan guga.

Ta yi kwalejin horon malamai, ta ƙara da jami'a, ta auri wani ma'aikacin gidan ruwa, suka haifi uku. Shekara goma sha bakwai ta yi tana koyar da Turanci a sakandare, kuma ta yi suna. In za a yi gasar muhawara ɗalibanta ake tsoro. Ba ta taɓa tsayawa ta lura ba cewa waɗannan ɗaliban kullum daga layi biyu na gaba suke fitowa. Na baya kuwa ta san fuskokinsu, ba ta san muryoyinsu ba.

Yaya ya samu aiki a ɗakin wanki na wani asibiti, ya daɗe har ya zama shugaban ɗakin. In zancen 'yan'uwa ya taso a ofishin malamai, Baturiya takan ce, "Yayana a asibiti yake aiki." Daga nan sai ta yi shiru. Wanda ya ɗauka likita ne ko mai haɗa magani, ba ta gyara masa.

Tana da shekara arba'in da ɗaya aka yi wa asibitin sabuwar manaja, mace mai son tsari. Ta ce dole kowane ma'aikaci ya iya karanta alamun da ke jikin bango da kwalabe, ya iya cike takardar aikinsa da Turanci. Za a yi aji na wata uku kowace Asabar, sannan jarrabawa, wanda ya faɗi za a duba matsayinsa. Wata uwar ɗaliba ce ta ba da sunan Baturiya. Ita kuma ta karɓa da murna, a zatonta akawuna da mataimakan nas za ta koyar.

Ranar farko ta shiga ɗakin taro na hawa na biyu tare da manaja, da takalmi mai tsini da jakar littattafai. Mutum ashirin da shida ta tarar, masu shara, masu gadi, masu tura marasa lafiya, direbobi biyu, ma'aikatan kicin. A kujerar baya kusa da taga ga Yaya cikin shuɗiyar rigar aiki, da sabon littafin rubutu a kan cinya, biro a maƙale a kunne. Yana ganinta fuskarsa ta washe, har ya fara ɗagowa daga kujera.

A daidai lokacin manaja ta sunkuyo ta ce mata da Turanci, ƙasa-ƙasa, "Sai kin yi haƙuri da su, yawancinsu ko sunansu da ƙyar suke rubutawa." Ta yi 'yar dariya. Baturiya ma ta yi dariyar, ta kawar da kai daga taga ta duba rajista.

Manaja ta gabatar da ita da sunan mijinta. Da Baturiya ta zo kiran suna, ta iso kan na Yaya, ga sunan mahaifinsu a rubuce ɓaro-ɓaro a bayan nasa. Ta karanta shi kamar yadda ta karanta sauran, ba ta ɗago ba.

"Ga ni, Malama," in ji shi. Ya koma ya zauna sosai.

Da yamma ta kira shi a waya. Ta yi ta kewaye-kewaye, ta tambayi Inna mahaifiyarsu, ta tambayi yara, sannan ta ce, "Yaya, ka san shi aji aji ne. Ba na so a ce ina nuna bambanci."

"Haka ne," ya ce. "Na gane. Allah ya taimaka."

Ta ajiye wayar tana gaya wa kanta cewa ai gaskiya ta faɗa, kuma mako mai zuwa za ta san yadda za ta gyara. Mako ya zo ya wuce, abin ya ƙara nauyi a baki.

Koyarwar kuwa irin ta sakandare ta kwaso. Ta kafa doka cewa ba a Hausa a aji, kuma da Turanci ta kafa dokar, saboda haka babu wanda ya san an kafa ta. Littafin da ta zo da shi labarin wani iyali ne da suka hau jirgin ƙasa zuwa bakin teku. Takan karanta shafi guda da sauri, ta cika allo da ka'idoji, ta juyo ta tambaya da Turanci ko sun gane. Su kuma su amsa baki ɗaya, "Yes, madam." Wannan kam sun iya. Sai ta goge allo ta wuce gaba.

A mako na biyar ta rubuta jimla biyu, ɗaya da kalmar "full", wato cike, ɗaya da "pull", wato ja. Ta bi layi tana sa su karanta, kowa na faɗin kalmomin biyu iri ɗaya, ranta na ƙara ɓaci. Duk makonnin nan tana tsallake Yaya, amma ranar sai ta ji kamar ana lura da tsallaken, ta nuna shi da alli. Ya miƙe, ya gyara tabarau, ya karanta. Iri ɗaya suka fito. Ta faɗa, ya maimaita. Ta sake, ya sake. A karo na huɗu zufa ta karyo masa, ita kuma wani abu ya taso mata wanda ba fushin malami ba ne kaɗai. Ta karya dokarta da kanta, ta yi Hausa a karon farko a ajin.

"Kai mai wanki, shekara nawa kana wucewa ta ƙofar da aka rubuta wannan kalmar a jikinta? Yaron firamare ma ai ya fi ka."

Babu wanda ya yi dariya. Wata mai shara da ake ce wa Rediyo saboda surutunta ta sunkuyar da kai tana kallon farcenta. Fankar sama kaɗai ake ji.

"Yi haƙuri, Malama," in ji Yaya, ya zauna.

Washegari Lahadi, ranar da ta saba zuwa gaida Inna, wadda ke zaune a gidan Yaya. Ta so ta ƙi zuwa, ta ga rashin zuwan zai fi tona ta. Ta tarar da Inna a kan tabarma a tsakar gida, matar Yaya na yanka albasa a ƙofar kicin.

"Ga malamar malamai," in ji matar Yaya tana dariya. "Ke kam me kika ba yayanki jiya? Tun da ya dawo yake zaune da littafi har la'asar, yana fu-fu, pu-pu, kamar mai hura wuta. Yaran nan sun yi dariya har da faɗuwa."

"Anti ke nan," in ji Baturiya.

Inna ta kama hannunta. "Ki riƙa bin sa a hankali, kin ji? Kin san shi bai samu abin da kika samu ba."

Yaya na gefe yana gyara sarƙar keken ƙaramin ɗansa. Bai ɗago ba ya ce, "Inna, ai ta iya koyarwa. Duk asibitin ana maganarta. Mu ne dai sai a hankali."

Bai gaya wa kowa ba ke nan. Aka kawo mata abinci ta yi loma uku ta ce ta ƙoshi.

A mako na shida ta yi musu gwaji. Mutum huɗu suka ci. Manaja ta kira ta ofis, ta baza takardun a tebur ta tambayi abin da ya faru. Baturiya ba ta saba a tuhume ta a kan aikinta ba. Ta gyara zama ta ce ita kam ta yi iya ƙoƙarinta, amma mutanen nan kansu ya riga ya bushe, ko shekara za a yi ana zuba musu ba zai shiga ba. Manaja ta gyaɗa kai. Sakatarenta na can gefe yana buga wani abu, kamar ba ya ji.

Asabar ta gaba mijinta zai yi tafiya, ya sauke ta a asibitin da saura kusan awa ɗaya a fara. Ɗakin taro a kulle. Ta tambayi wata nas inda mai makulli yake, aka ce ta duba ɗakin wanki, can suke taruwa duk Asabar da safe. Ba ta taɓa zuwa wurin ba. Ta bi ta bayan kicin, ta sauka 'yan matakala, ta bi wani siririn lungu mai warin sabulu da tururi. Ƙofar a ɗan buɗe take. Ta leƙa.

Ɗaki ne mai faɗi, da manyan injina biyu a jikin bango, da kantoci cike da zannuwan gado a ninke. Kusan duk 'yan ajin suna ciki, wasu a kan bokitai da aka kife, wasu a tsaye. Rediyo ce a tsakiya, ta ɗaga dugaduganta kamar mai takalmi mai tsini, ta riƙe burushi a matsayin alli, tana zuba wani yare da ba na kowa ba, rrr-rrr-shh, da sauri kamar ana juye tsakuwa a kwano. Ta juyo ta ɗaga gira.

"Yes, madam," suka amsa, aka kwashe da dariya.

Baturiya ta ja baya ta manne da bango. Ta so ta tafi, amma ta tsaya tana saurare.

Wani dattijo mai gadi, wanda ake ce wa Tsohon Soja, ya ce, "Ni wallahi tun da aka fara, kalma ɗaya nake kamawa, in ta ce a buɗe shafi. Shi ma sai na leƙa na kusa da ni in ga inda ya buɗe."

"Ni fa aikin gidan nan da ta ba mu," in ji wani direba, "ashe cike gurbi ake so. Ni kuwa na kwafe shi tsaf har da layukan, na ce ai na burge ta."

"Kuma mu ina ruwanmu da bakin teku?" in ji Rediyo. "Ni kwalba biyu ce ke ba ni tsoro a sito, ɗaya ta goge ƙasa, ɗaya ta ƙona hannu, kuma kalarsu ɗaya. Su nake so a karanta mini."

Sai ta ji muryar Yaya. "To ku matso mu ƙarasa na makon jiya, lokaci na tafiya."

Ta sake leƙawa. Ya yago 'yar takarda ya riƙe a gaban bakinsa. "Na lura da bakinta," ya ce. "In za ta faɗi ta jan ƙofa, leɓe biyu take haɗawa, iska ta fito da ƙarfi. Kun ga takardar ta motsa? Ta cikar bokiti kuwa haƙori take ɗorawa a leɓen ƙasa. Soja, gwada." Tsohon Soja ya gwada, takarda ta motsa, ya yi dariya kamar yaro. Daga nan Yaya ya kai su gaban inji yana nuna maɓallai ɗaya bayan ɗaya, yana karanta abin da ke rubuce, na zafi, na sanyi, na ɗauraya, na zubar da ruwa, na tsayawa. Ya fi kalma ashirin, kuma ya san aikin kowace. Mako shida tana tsaye a gabansa ba ta taɓa tambayarsa abin da ya sani ba.

"Kai ya kamata a ba ajin nan," in ji Rediyo. "Matar nan ba ta da tausayi. Abin da ta yi maka rannan har yau yana ci na."

"Ku bar ta," in ji Yaya. "Ba mugunta ba ce. Tun tana ƙarama haka take, in ta gane abu sai ta ɗauka kowa ya gane."

"Au, ashe ka san ta?"

Ya ninke takardar. "Unguwarmu ɗaya a da."

Aka yi wata 'yar dariya ƙasa-ƙasa wadda ba ta gane dalilinta ba. Ta cire takalmanta ta riƙe a hannu don kada su yi ƙara, ta koma ta hau matakala, ta zauna a benci a gaban ɗakin taro. Wuyanta da kunnuwanta sun yi zafi. Mutumin da ya yi ta kai ta makaranta a keke ne yau yake cewa unguwarsu ɗaya a da, kuma ita ta sa masa maganar a baki.

Ƙarfe goma suka shigo suka zazzauna. Ta buɗe littafin, ta dubi hoton jirgin ƙasa, ta rufe. Ta daɗe a tsaye har suka fara kallon juna.

"Yau da Hausa zan yi magana," ta ce. "Akwai abin da ya kamata in faɗa tun ranar farko ban faɗa ba. Wancan da ke zaune kusa da taga yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya raine ni. Duk Turancin nan da nake yi muku, shi ya tsaya na same shi."

Ta zaci za a yi mamaki. Babu wanda ya ko motsa. Yaya ya juya yana kallon waje.

Rediyo ce ta yi gyaran murya. "Malama, ai mun sani."

"Kun sani?"

"Hotonki na gama jami'a, da hular nan mai igiya, shekara nawa yana manne a cikin ƙofar lokarsa. Da aka ce ke za ki zo, babu wanda bai tare ya gaya wa ba, har masu kawo gas. Mun zo ranar muna jira mu ga gaisuwar wa da ƙanwa. Da muka ga kin yi kamar ba ki san shi ba, shi ma ya yi shiru, sai muka ce to ba mu za mu tona ba."

Baturiya ta dafa tebur. Ta ɗauka abu ne tsakaninta da Yaya da Allah, ashe mutum ashirin da biyar ne suka zauna mako bakwai suna kallonta tana yi, suna ce mata madam. Da a ce akwai wata ƙofa a bayan allon da ta bi ta ciki.

Tsohon Soja ne ya cece ta. "To an wuce wurin," ya ce. "Malama, tunda yau ana Hausa, ni ina da tambaya tun makon farko."

Ranar ba a yi darasi ba, tambayoyi aka yi. Ta zauna a kujera irin tasu, ta ɗauki biro, ta ce kowa ya faɗi abin da yake so ya iya karantawa a wurin aikinsa. Da aka tashi ta ce su zagaya da ita. Rediyo ta kai ta sito ta nuna mata kwalaben nan biyu. Direbobi suka nuna mata takardar fita da mota. Masu tura marasa lafiya suka bi da ita ɗaki-ɗaki suna nuna allunan da suke ganewa da kala ko da yawan haruffa, ba da karatu ba. Ta cika shafi tara. Da suka iso ɗakin wanki ta tsaya a bakin ƙofa, Yaya ya ce, "Shigo mana, Malama, ki kula da ruwa a ƙasa."

Ranar Litinin bayan ta tashi daga makaranta ta koma wurin manaja. Wannan ma ba ta zo da sauƙi ba. Ta ce maganar da ta yi rannan ba gaskiya ba ce, mutanen ba su da laifi, ita ce ta koyar da abin da ba shi ake bukata ba, ta hanyar da ba mai ganewa. Ta roƙi ƙarin wata biyu. Manaja ta dube ta ta saman tabarau, ta ce mako uku za ta iya bayarwa, ba ƙari.

Ta ƙara aji ranar Laraba da yamma, a ɗakin wankin, don can suka fi sakewa. Ta ajiye littafin teku. Takan zo da kwalba ko takardar aiki ko hoton allo, a fara da Hausa a san me ake nufi, sannan a ɗora Turancin a kai, jimla gajera, a faɗa a maimaita. Ta daina tambayar ko sun gane. Sai ta ce, "Soja, nuna mini," ko ta ce wa mutum ya juya ya bayyana wa na kusa da shi. Abin da ya fi ba ta wuya shi ne jira. In ta yi tambaya, bakinta kan yi ƙaiƙayin ba da amsa, sai ta matse yatsunta a bayanta tana ƙirga goma a zuci. Sau da yawa a kan bakwai ko takwas wani zai buɗe baki, kuma daidai. Dabarar takarda a gaban baki ta karɓa ta yi amfani da ita, ta kuma faɗi wanda ya ƙirƙiro ta.

Rediyo ta zama gwana a magana, Turanci ya samu bakin da yake nema, sai dai in ta rubuta wasu haruffan sukan juya baya. Tsohon Soja ya cike takardar baƙi ta farko da hannunsa, ya zo da ita aji a cikin leda. Yaya kuwa yana ganewa sarai, yana karantawa, amma rubutu na ba shi wahala. Yatsunsa sun yi kauri, sabulu ya tsattsaga su, yakan riƙe biro kamar zai tsinke masa. Layi ɗaya sai ya ci masa minti biyar. Ta ce ya riƙa zuwa gidanta ran Lahadi su yi su biyu. Ya zo sau ɗaya. Suka zauna a falo, ita tana jin nauyinsa, shi yana jin nauyinta, kowa na ba wa ɗan'uwansa haƙuri a kan abin da bai kai ba. Bai sake zuwa ba, ya ce ayyuka sun yi yawa.

Aka yi jarrabawa. Mutum goma sha takwas suka ci. Yaya ba ya ciki. A tambayoyin baka babu wanda ya fi shi, amma a rubutu lokaci ya ƙare yana rabin takarda. Ba a kori kowa ba, sai dai an yi canje-canje. Shugabancin ɗakin wanki, wanda ya riƙe shekara tara, aka ba wani da shi ya koya wa aikin, saboda shi zai iya cike takardun mako. Yaya ya koma kan inji. Ranar da aka sanar, ya miƙa makullan ya nuna wa sabon shugaban inda injin hagu ke ɗiga.

Baturiya ta yi ta lissafin makonni bakwai ɗin nan na farko. Da ta fara yadda ta ƙare, da ta zauna da shi tun farko ta ga matsalar hannun, da wataƙila ya gama takardar. Babu mai iya tabbatar mata, babu kuma mai iya cire mata shi daga rai.

Bayan wata biyu ita da Yaya suka kai Inna awon jini. Nas ta shiga da ita, suka rage su biyu a benci. Baturiya ta daɗe tana murza bakin mayafinta.

"Yaya, ban taɓa ba ka haƙuri yadda ya kamata ba."

"A kan me?"

"Ka sani."

Ya kalli masu wucewa. "Na ranar farko bai dame ni sosai ba," ya ce. "Na ce yarinya ce, ta ga manya, ta ji kunya. Ni ma da na ga hannuna a kan littafin nan sai da na ji wani iri. Na mai wanki ma, ai mai wankin ne." Ya ɗan murmusa, murmushin ya ɓace. "Wadda ta tsaya mini ita ce ta ofis. Wai kanmu ya bushe."

Ta saki bakin mayafin. "Wa ya gaya maka?"

"Sakatare surukin Soja ne. Kafin ki kai bakin titi mun ji." Ya juyo ya dube ta, karo na farko tun da suka zauna. "Ni yayanki ne, ko me kika yi mini zan shanye. Amma mutanen nan da iyalinsu, kuma a gaban mai iya korarsu kika faɗa. Kada ki ƙara faɗa wa wani haka, ko da kin ga kamar gaskiya ne."

"Ba zan ƙara ba."

"To shi ke nan."

Nas ta leƙo ta ce a zo a kama Inna, ya riga ta tashi.

Baturiya ta ci gaba da ajin Asabar shekara huɗu, har wasu wuraren aiki suka riƙa nemanta. A sakandare ma ta canza. Ta koma tana fara darasi daga layin baya, tana zama da waɗanda ba sa magana bayan an tashi. Kofunan muhawara suka ragu, shugaban makaranta ya yi ƙorafi sau biyu, amma masu faɗuwa Turanci a ajinta ma suka ragu, sai ya bar zancen. Yanzu in ana maganarta haƙurinta ake fara ambata. Iyaye kan ce babu yaron da Malama ba za ta iya fahimtar da shi ba. In aka faɗa a gabanta takan ji zafin nan a wuya da kunnuwa, ta yi sauri ta kawo wani zancen.

Sau biyu asibitin ya ba waɗanda suka faɗi damar sake jarrabawa, Yaya bai shiga ba. Ya yi shekara biyar a kan inji sannan ya yi ritaya. Har yanzu takan je gidansa ran Lahadi, ko da yake Inna ta rasu. Kwanan baya ta sake ɗauko maganar, ta ce yanzu da yake da lokaci, ko awa ɗaya ce a mako su riƙa zama.

"Ga jikokina nan, ki koya musu," ya ce. "Ni na yi nawa."

Sannan ya ce ta tashi ta gyara motarta, ta tare wa maƙwabci ƙofa.